Rikodin aikin gyaran gidanmu na Gwange bayan ambaliyar Alau

Asabar, 21 ga Satumba, 2024

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, kuma yau ne na fara taka tsakar gidanmu tun daren da muka fice da tufafin da ke jikinmu kawai. Na ɗauki niyyar riƙa rubuta yadda aikin gyara yake tafiya, domin 'yan'uwana da ke nesa, waɗanda suke haɗa kuɗin aikin, su san inda aka kwana, kuma domin duk wanda irin wannan jarrabawa ta sama ya ga abin da muka yi daidai da inda muka yi kuskure.

Madatsar tana kan kogin Ngadda, an gina ta a shekarun 1980 don ba birnin Maiduguri ruwan sha da kuma noman rani. Cikin daren Litinin wayewar Talata, 10 ga wata, ruwanta ya biyo kogin ya mamaye unguwarmu, ya shiga fadar Shehu, da Kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Inna, wadda ta ga ambaliyar 1994 a cikin wannan gida, ta ce waccan ba ta kama ƙafar wannan ba.

Gidan ɗakuna huɗu ne na bulo da siminti a gaba, sai tsofaffin ɗakuna biyu na tubalin ƙasa a baya waɗanda marigayi mahaifinmu ya fara ginawa, da zaure, da ɗakin girki, da rijiya, da masai. Ruwa ya bar zane baƙi a jikin kowane bango daidai ƙirjina. Ban taɓa komai ba sai da mai gyaran wuta ya cire wayar gidan daga turke, duk da cewa babu wuta a unguwar, domin ba mu san lokacin da za a kawo ta ba. Kowane ɗaki sai mun fara zungurar kayan ciki da doguwar gora kafin mu shiga, saboda macizai da kunamu suna fakewa a irin wannan wuri. Na ɗauki hoton komai a yadda na same shi.

Talata, 24 ga Satumba, 2024

Kwana uku muna kwasar laka, ni da ƙannena biyu da leburori uku, da shebur da baro. Kaurinta a cikin ɗakuna ya wuce idon sawu. Mun yi gaggawa da gangan, domin laka tana da sauƙin kwasa muddin tana da jiƙa. Da zarar ta bushe sai ta kama daɓe kamar siminti, kuma ƙurar da take tayarwa a lokacin kankara tana ɗauke da duk ƙazantar da ruwan ya kwaso. Wannan ruwa ba ruwan sama ba ne. Ya bi ta masai, da kwatoci, da bola, da mushen dabbobi kafin ya iso ɗakunanmu, saboda haka na saya wa kowa takalmin roba mai tsawo da safar hannu. Ɗaya daga cikin leburorin ya cire nasa takalmin don zafi, tsohuwar ƙusa ta soke shi, kuma ban yarda ya ci gaba da aiki ba sai da aka wanke raunin aka yi masa allurar tetanus.

Abin da ya fi kwasar laka wuya shi ne rabe kaya. Katifu, da kujerun kushin, da kafet, da matasan kai duk mun fitar da su don zubarwa, domin soso ba ya wankuwa har ciki. Wadirof ɗin da aka yi da katakon garin itace ya kumbura ya ruguje a hannunmu, amma tsohon gadon Inna na katakon maɗaci bai yi komai ba in ban da datti. A kan hatsi ne muka yi doguwar magana. Inna ta aiko daga gidan yayata inda take zaune cewa a shanya buhunan gero da wake. Na je da kaina na durƙusa na ce, “Inna, ki yi haƙuri, wannan gero ya sha ruwan masai, ko kaji ba zan ba su shi ba.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “To, Allah Ya musanya mana da mafi alheri.” Tukwane da kwanuka da tasoshinta kuwa mun wanke su da sabulu, muka jiƙa su a ruwan Hypo, muka ɗauraye, muka kife su a rana.

Asabar, 28 ga Satumba, 2024

Na ɗauko dattijon maginin da ya yi wa mahaifinmu ɗakunan gaba. Bai ce komai ba sai da ya zagaya gidan sau biyu yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma, yana saurare.

Hukuncinsa a kan ɗakunan ƙasa bai yi mini daɗi ba, amma na ga gaskiyarsa da idona. Ruwa ya cinye gindin bangon ɗaki ɗaya har hannuna yana shiga, saman kuwa yana nan da nauyinsa a kan tushen da ya zama kunu. Ya ce a sauke kwanon rufin a rushe ɗakin da hannu kafin ya rushe da kansa a kan wani. Na biyun ya ce a tokare shi da azara a jira a gani.

Daga nan ya nuna mini abin da ban taɓa tunani ba. Ya sa kurfi a layin bulo na ƙasa a falo, ya buga sau uku, sai ga ruwa baƙi mai wari yana tsartowa kamar an buɗe famfo. Bulo mai rami ne a ciki, kuma ramukan sun cika da ruwa wanda ba shi da hanyar fita. Ya ce, “Alhaji, ruwan da ka gani ya tafi. Wanda ba ka gani ba shi ne zai ci maka gida.” Mun huda ƙananan ramuka a gindin kowane bango, kusan taki ɗaya tsakanin rami da rami, kuma wasu sun ci gaba da ɗiga har magariba.

Akwai tsaga biyu a katangar gabas da ɗaya a kusurwar zaure. Maimakon ya cike su, sai ya liƙa siririn siminti a gicciye a kan kowace, ya rubuta kwanan wata a gefe da gawayi. Idan ƙasar tushe tana ci gaba da zama, simintin zai tsage. Idan ta tsaya, zai zauna lafiya.

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Jiya gwamnatin jihar Borno ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara, saboda haka na dakatar da komai na koma kan rijiya da masai, waɗanda da ma su ne ya kamata na fara da su.

Ruwan ambaliya ya rufe bakin rijiyar baki ɗaya, kuma tsakaninta da ramin masai babu nisan kirki, abin da muka daɗe muna gani ba tare da ya dame mu ba. Mai yasar rijiya ya ƙi yarda a zuƙe ruwan gaba ɗaya a rana guda. Dalilinsa shi ne ƙasar da ke kewaye har yanzu a jiƙe take, kuma idan aka kwashe ruwan cikin rijiyar da sauri, nauyin ruwan waje zai iya turo bangonta ya rufta. Mun tsara a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, a kwashe lakar ƙasa, a goge bango, a zuba sinadarin kulorin mai ƙarfi a bar shi ya kwana, sannan a sake kwashewa har warin ya tafi. Ko bayan haka ba za a sha ruwanta ba sai an gwada shi. A yanzu muna sayen ruwa ne, kuma ana tafasa na sha.

Ramin masai ya cika ya tumbatsa, murfinsa ya tsage. Ba za mu gyara shi a inda yake ba. Za a kwashe shi, a zuba farar ƙasa, a cike, a haƙa sabo a can kusurwar da ta fi nisa da rijiya, a kuma ɗaga bakinsa sama da tsakar gida.

Daɓen ɗakuna mun wanke shi sau biyu da omo da buroshi tukuna, domin kulorin ba ya aiki a kan datti, sannan muka bi shi da Hypo, kofi ɗaya a ruwa kofi tara, tagogi a buɗe. Na hana a gauraya shi da kowane irin maganin wanke bayi, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, 2024

Fumfuna ta bayyana, baƙa da kore, a bayan ƙofofi da ƙarƙashin silin inda ruwa bai ma kai ba. Laimar da ke tashi daga daɓe ce take ciyar da ita. Laifinmu ne, domin muna rufe ɗakunan da daddare don tsoron ɓarayi. Yanzu ƙanena yana kwana a zaure, ƙofofi da tagogi suna kwana a buɗe, kuma mun cire fale-falen silin biyu a kowane ɗaki don iska ta zagaya. Da rana muna kunna fankoki da janareta, wanda muka ajiye a tsakar gida nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri ba tare da mutum ya ji wari ba.

Yau kuma na buɗe akwatin ƙarfen mahaifinmu, wanda na yi ta ɗage buɗe shi. Takardun gida da na makaranta suna cikin leda, sun jiƙe a gefe kawai. Littattafansa kuwa sun manne sun zama dunƙule. Akwai Alƙur'ani rubutun hannu mai warwaro a cikin gafakarsa ta fata, irin wanda aka san alarammomin Barno da shi. Tawadar wasu shafuka ta narke ta bi takarda, amma tsakiyar tana nan. Na zauna a inuwa ina ɗaga warƙa ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa marar kaifi, ina sa farar takarda a tsakani, ina shimfiɗawa a kan tabarma inda iska take kaɗawa, domin rana tana nannaɗe takarda ta karya ta. Da na buɗe akwatin tun makon farko, da na ceci fiye da haka. Waɗanda suka lalace ƙwarai na tattara su daban, zan kai wa limamin unguwa ya faɗa mini yadda ya dace a yi da su.

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Yaya ya kira daga Kano yana tambayar dalilin da ya sa har yanzu ba a yi fenti ba, alhali kuɗin siminti da fenti sun iso tun makon jiya, kuma Inna tana takure a gidan suruki. Ya ji cewa wasu maƙwabta har sun koma gidajensu. Na fahimci damuwarsa, domin ni ma duk ranar da na je gaishe da Inna tambayarta ɗaya ce. Na ce masa, “Yaya, ka ba ni zuwa hunturu. Idan muka rufe bangon nan yanzu, kuɗin nan sau biyu za mu kashe shi.”

Bango idan ka taɓa shi da tafin hannu sai ka ji kamar ya bushe, amma fatarsa ce kawai. Don in tabbatar wa kaina da shi, na yanka leda mai kauri faɗin kamu biyu, na manna ta a bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, na bar ta kwana biyu. Da na ɗaga, cikinta cike yake da gumi, bangon da ke ƙarƙashi kuma ya yi duhu. Na aika masa hoton. Bai sake maganar fenti ba.

Maimakon shafe, saɓa muka yi. An sassaƙe filasta daga ƙasa har kamu ɗaya sama da zanen ruwa a dukan ɗakunan gaba, domin filasta da fentin mai suna riƙe laima a ciki kamar an sa wa bango rigar leda. Gidan ya fi muni a ido fiye da ranar da muka dawo, amma yanzu bulo yana numfashi. A zaure kaɗai na sa aka bar zanen ruwan a wuri guda, saboda shi ne ma'aunin da za mu bi wajen ɗaga soket da kantoci.

An gama rushe ɗakin ƙasa na farko. Azarorinsa lafiya lau suke, mun jingine su.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2024

Mai gyaran wuta ya buɗe kowane soket da makunni. Duk wanda ruwa ya rufe cike yake da busasshiyar laka da tsatsa, kuma bututun da waya ke bi a cikin bango har yanzu akwai ruwa a wasu. An zubar da su duka, an zaro wayoyin ƙasa, kuma sababbin za su sauko ne daga sama su tsaya a bisa zanen ruwa. Firji da injin niƙa sun tafi wurin mai gyara ba tare da mun gwada kunna su ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

Hunturu ya shigo, kuma babu injin da zai yi mana aikin da wannan busasshiyar iska take yi kyauta dare da rana. A mako biyu bulon ya sauya launi daga toka mai duhu zuwa fari-fari, daga sama yana gangarowa ƙasa.

Tare da bushewar wani abu ya fito: farin gari kamar kanwa yana tsirowa a jikin bulo, musamman a layuka uku na ƙasa. Ƙanena ya ɗauko bokiti zai wanke, dattijon magini ya tare shi. Gishirin da ke cikin ƙasa da siminti ne ruwa ya narkar, yanzu yana biyo laima zuwa waje, ruwan ya tashi ya bar shi. Idan aka wanke, sai ya narke ya koma ciki ya sake fitowa. Ana goge shi ne da busasshen buroshi, a share a fitar waje. Muna yin haka duk bayan kwana uku, kuma yana raguwa.

Na shiga gaida wani maƙwabci wanda ya yi fenti tun farkon Oktoba, domin ba shi da inda zai ajiye iyalinsa, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje daga ƙasa har gwiwa, inda ya fashe kuma wannan farin garin ne a ciki, ɗakin yana warin laima, ƙaramar 'yarsa tana tari. Na ba shi aron fankoki biyu, kuma maginin namu zai duba masa.

Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Shaidar siminti da aka liƙa a katangar gabas tana nan ba ta motsa ba, saboda haka za a cike waɗannan tsagogi. Ta kusurwar zaure kuwa ta tsage da kaurin zare. An haƙa gefen tushen, aka tarar ruwa ya wanke ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya bar kogo. Za a cike shi da kankare kashi-kashi, ba a buɗe duka a lokaci ɗaya ba.

Tayil ɗin falo kusan rabinsa yana amsa guduma da ƙarar wofi. Da muka ɗaga, yashin da ke ƙasa a jiƙe yake yana wari, wata uku bayan ambaliya. An cire duka. Gara kuma ta sami hanya ta cikin katakon ƙofofi biyu da suka sha ruwa, don haka za a maye su da na ƙarfe, a zuba maganin gara a gindin bango kafin a yi sabon daɓe. Sakamakon gwajin ruwan rijiya ya nuna har yanzu bai dace da sha ba, sai wanki da aikin gini.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ledar gwaji ta fito a bushe a ɗakuna uku cikin huɗu, kuma na maimaita a wurare daban-daban kafin na yarda. An fara filasta ranar Laraba da yashi mai tsabta wanda aka tankaɗe, domin yashi mai gishiri zai dawo da matsalar da muka yi wata biyu muna gogewa. Saboda iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, ana yayyafa masa ruwa kaɗan safe da yamma don kada ya tsattsage.

Ɗakin ƙasa na biyu ya tsira. An sassaƙe ruɓaɓɓen gindinsa sashe-sashe, an maye shi da bulo marar rami layi huɗu, aka bar tubalin ƙasa a sama, domin Inna ta ce babu ɗakin da ya kai shi sanyi a lokacin bazara, kuma gaskiya ta faɗa. An ɗaga dokin ƙofar zaure da na kowane ɗaki. Na sani sarai wannan ba zai tare ruwa irin na Satumba ba, amma zai hana ruwan sama na damina da ke taruwa a lungunmu shigowa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Inna ta dawo gida jiya Juma'a bayan la'asar, azumi saura 'yan kwanaki. Ta shiga ɗakinta na ƙasa, ta shafa bango da hannu, ta zauna a bakin tsohon gadonta wanda kafinta ya goge ya shafa wa mai, ta yi addu'a mai tsawo.

Ba mu yi fentin mai ba. Farar ƙasa muka shafa hannu biyu, domin tana barin sauran laima ta fita, kuma fumfuna ba ta son ta. Fenti zai jira sai bangon ya ga damina ɗaya. Sabon masai ya fara aiki, an ɗaure wa rijiya baki da siminti har ƙugu an sa mata murfi, kuma za a sake kai ruwanta gwaji bayan Sallah. An kafa kanta a saman kowane ɗaki, kuma takardun gida da abin da ya tsira na Alƙur'anin mahaifinmu suna can a cikin ƙaramin akwati mai hannu, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka da gudu.

Abin da ya rage kafin ruwan farko: kwano uku a saman ɗakin girki suna yoyo tun kafin ambaliya, za a sauya su, rariyar tsakar gida tana buƙatar a ƙara mata gangara, kuma mun yi magana da masu unguwa a kan yashe kwatar lungu, wadda har yanzu cike take da lakar Satumba. Ɗaki na huɗu, wanda bangonsa ke jingine da katangar maƙwabta inda rana ba ta kaiwa, ba a yi masa filasta ba tukuna. Na manna masa sabuwar leda yau da safe, zan ɗaga ta ranar Litinin.